Tsimin Mai a Mota: Dabarun da Ke Aiki da Waɗanda Zamaninsu Ya Wuce

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin kwana biyu litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja. A watan Yulin shekarar ta kai 617, a Oktoban 2024 kuma ta haye naira 1,000. Tun daga lokacin, duk inda masu mota suka haɗu, a tasha ko gareji ko majalisar yamma, hirar ba ta wuce yadda za a rage wa mota shan mai. Wannan ya ce a cire tamostat, wancan ya ce a riƙa sa giya a firi a gangara, wani ya ce sai da sassafe ake sayen mai. Mai sauraro ya rasa ta wa zai ɗauka.

Babban abin da ya kawo ruɗanin shi ne yawancin waɗannan shawarwari an gaje su ne daga zamanin Fijo 504, lokacin da kusan kowace mota kafireto gare ta. Motocin da suka cika titunanmu yanzu, su Corolla da Camry da Accord da Sharan, injekta ne. Abin da ya zama gaskiya ga injin jiya ba lallai ya zama gaskiya ga na yau ba.

## Me ake nufi da "shan mai"?

Direba yakan ce motarsa tana shan mai idan ya ga allurar tanki ta yi saurin sauka, ko ya ce man dubu goma ya kai shi wuri kaza. Duka biyun ba ma'auni ba ne. Allura ba ta sauka daidai wa daida daga sama zuwa ƙasa, saboda tanki ba akwati ba ne mai kusurwa huɗu. Man dubu goma kuwa yawansa yana canzawa duk sanda farashi ya motsa.

Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne kilomita nawa mota ke ci da lita ɗaya. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar da ke kan agogon tafiya, a yi zirga-zirga yadda aka saba, sannan a koma a sake cikawa, in da hali a famfo ɗaya. Sai a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga a karo na biyu. Wanda ya yi kilomita 300 ya sake zuba lita 30, motarsa na cin kilomita 10 a lita. Wasu motocin Turai suna nuna lissafin a juye, wato lita nawa a kilomita 100, kuma a nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau.

Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka suna da abin lura. Agogonsu mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne. Galan ɗin da ke cikin lissafinsu ma na Amurka ne, lita 3.8, bai kai galan mai lita huɗu na 'yan bumburutu ba. Motar da ta nuna mil 30 a galan tana nufin kilomita 12 da ɗan ɗori a lita.

Sai bambancin injunan biyu. Kafireto na'ura ce da iskar da injin ke zuƙa take janyo mai ta cikinta, kuma bakanike ne ke saita ta da hannu. A injekta kuwa, kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira biren-bos, ita ce ke yanke yawan man da nozul zai fesa. Tana yin haka ne bisa rahoton na'urorin da ake kira sensa: ɗaya na auna iskar da ke shiga, ɗaya zafin ruwan injin, ɗaya kuma iskar oksijin da ta rage a hayaƙin salansa. Burinta ta haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Idan wata sensa ta kawo mata labarin ƙarya, ko aka cire ta, sai ta koma fesa mai fiye da kima don kada injin ya lalace.

## Ƙafar direba

Alkaluman da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ke wallafawa sun nuna cewa tuƙin ganganci, wato fizgar mota da taka birki da ƙarfi da gudun wuce kima, yana rage nisan da mai ke kaiwa da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cikin cunkoso. Da wuya a samu gyara guda a gareji da zai kai wannan, sai dai idan motar tana da babbar matsala.

Dalilin a fili yake. Kowane gudu da mota ta samu da mai aka saye shi, birki kuma yana mayar da shi zafi ne a banza. Direban da ya hango danja ta nuna ja ko ya hango tudun rage gudu, ya ɗaga ƙafa tun daga nesa, ya fi wanda ya taka totur har bakin wurin sannan ya danna birki. Haka wanda ya bar tazara tsakaninsa da na gaba ba ya yawan tsayawa cak, kuma tayar da mota daga tsaye ya fi komai cin mai a cikin gari.

A doguwar hanya kuwa iska ce abokiyar gaba. Turjiyarta ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. Daga kilomita 100 a awa zuwa 120 gudun ya ƙaru da kashi 20 ne, amma turjiyar iska ta ƙaru da kashi 44. Shi ya sa yawancin ƙananan motoci suka fi tsimi tsakanin 60 zuwa 90 a giyar ƙarshe, daga nan kuma sha ya fara hawa. A ɗauki hanyar Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230. In hanya ta ba da dama, mai tafiya a 100 zai yi awa biyu da minti 18, mai 120 kuma awa ɗaya da minti 55. Tazarar minti 23 ce. Idan aka ƙaddara na farkon yana cin kilomita 12 a lita, na biyun 10, to bambancinsu kusan lita huɗu ne a zuwa kaɗai. Dokar hanya ma ta tsaya a nan kusa: iyakar gudun ƙaramar motar gida a Najeriya 100 ne a tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari.

Direbobin haya suna da nasu lissafin, kuma ba na wauta ba ne. Wanda ya riga isa tasha shi ke riga shiga layi, sawu ɗaya da aka ƙara a yini yana iya biyan man da gudu ya ƙone har ya bar riba. Akwai kuma hanyoyin da rashin tsaro ya sa kowa ke son wucewa kafin magariba. Sai dai wannan hujja ce ta samun kuɗi ko ta tsira da rai, ba ta tsimin mai ba, kuma ba ta shafi ma'aikacin da zai je gida hutun ƙarshen mako ba.

## Giya a firi da kashe injin a gangara

A motar kafireto, muddin injin na juyawa yana zuƙar mai, don haka mayar da giya firi a gangara yana iya rage sha. A injekta lamarin ya juye. Idan mota na cikin giya, direba ya ɗaga ƙafa gaba ɗaya daga totur, injin kuma na juyawa sama da gudun silo, wato juyawar da yake yi idan mota na tsaye, kwamfuta takan rufe nozul ruf. Tayoyi ne ke juya injin a lokacin. Da zarar an sa firi kuwa, dole a ci gaba da fesa mai don kada injin ya mutu.

Masu goyon bayan firi suna cewa mota ta fi yin nisa da kanta idan injin bai riƙe ta ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ko 'yar gangara wannan gaskiya ne, kuma ribar kan zo kusan ɗaya. Amma a gangara mai tsanani irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, babu wata riba, domin gudun da aka samu birki ne zai cinye shi, birkin da ya yi zafi kuma yana iya daina kamawa. Kashe injin ɗungurungum ya fi muni. Birkin ƙaramar mota yana samun taimako daga injin, bayan taku ɗaya ko biyu sai ya yi tauri, sitiyari ma ya yi nauyi, in kuma aka murɗa makulli har ƙarshe yana iya kullewa.

## Ɗumama mota, tsayuwa da na'urar sanyi

Al'adar barin mota tana aiki minti goma da safe ita ma gadon kafireto ce, wadda ba ta tafiya daidai sai ta ɗau zafi. Injekta rabin minti ya ishe ta, ko da a sanyin hunturu, sai a tashi a hankali, domin injin ya fi saurin ɗumama yana tafiya. Mota a tsaye tana ƙone lita ɗaya zuwa biyu a awa gwargwadon girman injin da ko na'urar sanyi na kunne. Tsayuwar da za ta wuce minti ɗaya, a layin gidan mai ko ƙofar makarantar yara, kashewa ya fi. Mai raunin batir ko kik ne kawai ke da uzuri.

Na'urar sanyi tana cin mai, babu musu. A tsananin zafi da gajeriyar tafiya tana iya rage nisan lita da fiye da kashi 25 cikin ɗari. A cikin gari sauke gilashi ya fi araha. A babbar hanya buɗaɗɗen gilashi yana ƙara turjiyar iska, sai tazarar ta ragu. Wanda ya ajiye mota a cikin zafin ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zai rage wa na'urar aiki idan ya fara buɗe gilasai zafin ciki ya fita kafin ya kunna ta.

## Tamostat da fanka dairek

Nan ne aka fi jayayya tsakanin kanikawan bakin hanya da injiniyoyi. Tamostat ƙaramin bawul ne da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai injin ya kai zafin aikinsa, kusan digiri 90, sannan ya buɗe. Motar Beljiyam na isowa, kanikawa da yawa kan cire shi, su kuma haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa tun daga kunna makulli. Hujjarsu ita ce an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara, mu kuwa zafi ne ya dame mu, kuma idan ya maƙale a rufe injin zai tafasa har gasket ya ƙone.

Rabin maganar gaskiya ne. Tamostat yakan maƙale, musamman inda ake zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto maimakon ruwan da aka yi domin haka, tsatsa da gishiri su taru a ciki. Kuma ga mai ƙaramin ƙarfi, gasket da ya ƙone a tsakiyar daji ya fi ƙarin shan mai ciwo. Amma batun ƙasar sanyi bai tsaya da ƙafarsa ba, tunda motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai ma da tamostat ɗinsu suke zuwa. Zafin rana digiri 42 bai kai rabin zafin da injin ke buƙata ba. Idan aka cire shi, injin kan daɗe bai ɗumama ba, a doguwar hanya da dare ko a hunturu ma yana iya ƙin kaiwa gaba ɗaya. Sensa sai ta riƙa gaya wa kwamfuta cewa har yanzu da sanyi, ita kuma ta ci gaba da fesa ƙarin mai. Rarar man kan wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta baƙanta filogi. Fankar da ba ta hutawa kuma nauyi ce a kan altaneta, altaneta kuwa injin ke juya ta.

Tafasar injin yawanci daga wani wuri take: lagireto da ya toshe, murfinsa da ya saki, famfon ruwa da ya gaji, ko fankar da ba ta tashi a kan lokaci. Cire tamostat yana ɓoye alamar ne, ciwon na nan. Mafitar da ta fi kusa da daidaita ɓangarorin biyu ita ce a sa sabo mai kyau a wanke lagireto. Sai dai samun na ainihi a kasuwar kayan gyara wani aiki ne, kuma wannan na cikin abin da ke sa bakanike ya zaɓi cirewa ya huta.

## "Indomi" da wutar cek-injin

A cikin salansa akwai wani tubali mai ƙananan ramuka da ake kira katalis, wanda kanikawa suka laƙaba wa "indomi" saboda kamanninsa. Aikinsa rage gubar hayaƙi, kuma yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa yake da kasuwa, shi ya sa kuma ake sace shi. Wasu na cewa cire shi yana sa mota ta numfasa ta rage sha, wasu na cewa ƙara sha yake yi. Idan ya toshe, tabbas yana shaƙe injin, kuma duk wanda ya cire toshasshe zai ji mota ta saki. Amma cire lafiyayye ba ya rage sha. Sau da yawa ma wajen yanka da walda ake lalata sensar oksijin da ke kusa da shi, ita ce kuma idon kwamfuta. Ma'aikatar Makamashin Amurka ta ce gyara babbar matsala irin ta lalatacciyar sensar oksijin na iya inganta nisan mai har da kashi 40 cikin ɗari. Wutar cek-injin da mutane ke shekara suna tafiya da ita, wasu har su liƙe ta da baƙin tef, sau da yawa irin wannan take nunawa.

## Taya, baƙin mai, matatar iska da kaya

Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana ƙara jan ƙasa. Daidaita ta kan dawo da har kashi 3 cikin ɗari. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a ƙananan motoci yawanci 30 zuwa 35 a ma'aunin iskar taya na PSI. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Masu faci da yawa kan buga 45 ko 50, wasu direbobi ma su ke nema don mota ta yi sauƙin gudu. Ana samun ɗan tsimi, amma taya kan cinye ta tsakiya, riƙon birki ya ragu, rami kuma ya fi saurin fasa ta. A auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Wajen juyen baƙin mai, an saba zuba mai kauri mai lamba 20W-50 a kowace mota da sunan ƙasarmu da zafi. Injunan zamani da yawa 5W-30 ko 5W-20 aka rubuta a murfinsu. Mai kauri yana sa injin wahalar juyawa, asarar kan kai kashi ɗaya zuwa biyu. Tsohon injin da ya riga ya buɗe yana ƙone baƙin mai, shi kam mai kaurin na iya rufa masa asiri.

Matatar iska ta zo da abin mamaki. Gwajin da cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta yi a 2009 ya nuna cewa toshewarta ba ta ƙara wa injekta shan mai sosai, ƙarfi take rage mata, domin kwamfuta na rage mai daidai da iskar da ta samu. A kafireto ne shan ke ƙaruwa. Duk da haka ƙurar hunturu ta isa dalilin duba ta akai-akai, kuma cire ta baki ɗaya hanya ce ta tura yashi cikin injin.

Kowane kilo 45 na ƙarin kaya yana cin kusan kashi ɗaya, ya fi tasiri a ƙaramar mota. Kayan da aka ɗaure a saman mota sun fi na cikin but illa saboda iska. A motar haya, cusa mutum biyu a gaba da huɗu a baya yana rage kuɗin man da ke kan kowane fasinja, kuma wannan ne ya sa al'adar ta ƙi mutuwa duk da ta saɓa doka.

Sayen mai da sassafe kuwa ba shi da wani tasiri a zo a gani, domin tankunan gidajen mai a ƙarƙashin ƙasa suke, zafinsu ba ya canzawa sosai tsakanin safe da rana. Ƙwayoyi da maganaɗisun da ake tallatawa ma haka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da 100, ba ta samu wadda ta kawo ragi mai ma'ana ba.

## Komawa gas

Hanyar da gwamnatin tarayya ta fi turawa tun 2023 ita ce mayar da motoci su yi amfani da iskar gas ta CNG. Wannan ba rage sha ba ne, sauya abin sha ne da mai araha. Masu goyon baya suna nuna ratar farashi da kuma cewa Najeriya ta fi arzikin gas a kan mai. Masu ɗari-ɗari suna nuna kuɗin juyawa, tukunyar da ke cinye but da ƙara nauyi, da ƙarancin wuraren cikawa a Arewa, inda aka ɗora fata a kan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ana matsa CNG da ƙarfin da ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa, don haka tukunyar girki ko haɗin mai walda ba su da wuri a nan. Fashewar da aka yi a wani wurin cika gas a Benin a Oktoban 2024 an danganta ta da irin wannan tukunya.

## Inda abin ke taɓa aljihu

Ma'aikacin da ke yin kilomita 1,000 a wata da motar da ke cin 10 a lita yana sayen lita 100. Idan sauya tuƙi da ɗan gyara suka kai shi 11.5, zai sayi lita 87. In aka ƙaddara lita a naira 900, ya tsira da kusan 11,700 a wata. Direban da ke yin wannan nisa cikin kwana uku ko huɗu, nasa ya ninka haka sau bakwai ko fiye.

Amma dabarun ba farashinsu ɗaya ba. Ɗaga ƙafa da wuri, rage gudu, kashe injin a layi da sauke tarkace daga but ba sa cin ko kwabo. Sensa da tamostat da baƙin mai mai kyau kuwa daga waje ake shigo da yawancinsu, kuma tun da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023 farashinsu ya bi dala. Wanda ya fi buƙatar gyaran shi ne ya fi rashin kuɗin yinsa a dunƙule, sai ya riƙa biyan asarar kaɗan-kaɗan a bakin famfo. A motar haya ma akwai wani ƙulli: direba ne ke sayen mai daga cinikin yini, mai mota ne ke biyan babban gyara daga balas ɗin da ake kawo masa. Sensar da za ta rage wa direba lita biyu a rana, mai motar ba ya ganin ribarta a hannunsa, don haka ba ya gaggawar saya.